Akwatin da Ya Ci Gurbin Abu

Shekarar da ake ta raɗe-raɗin Turawa za su tafi, wani falke ya dawo Sabon Birni daga Maraɗi da akwatin ƙara sauti, irin na masu kaɗa jita. Maliki mai gurmi ne ya saye shi, don tsufa ya fara cin muryarsa. Ya kai wa Na'Allah mai gyaran rediyo ya haɗa masa da batirin mota da makirfo.

Abin da aka sa shi ke nan. Amma Na'Allah mutum ne mai ƙaiƙayin hannu, ba a ba shi abu mai murfi ya bar shi a rufe. Da ya buɗe, sai ga kwalabe masu yin ja in sun ɗau zafi, ga kuma wani siririn sifirin, wato murɗaɗɗiyar waya, kwance a ƙasa. Ya gane shi ne ke sa sauti ya ɗan ja kamar an yi magana cikin rijiya. Ya zare tsumman da ke danne sifirin ɗin, ya narka dalma ya sauya waya, har sautin da ke bi ta can ya ƙaru. Da Maliki ya gwada, ƙarshen kowane baiti sai ya tsaya a iska yana biyo shi.

Maliki ya yi dariya ya ce, "Kai, Na'Allah! Wanga abu ai amshi shikai. To mi za ni yi da Abu ɗan amshi?"

Na'Allah ma ya yi dariya, kansa ya kumbura. Da wasa ya ɗauki maganar.

Abu shi ne ɗan amshin Maliki tun suna samari. Shi ke karɓar baiti don maigidan ya samu ya numfasa, kuma bai taɓa yin wata sana'a ba. Da aka gayyaci Maliki biki a Isa, akwatin aka ɗora wa jaki, Abu aka bari a gida. Haka aka yi a bikin Unguwar Lalle.

Tun daga nan Na'Allah ya daina bi ta ƙofar gidan Abu. Abin ya tsaya masa a rai, don ya san babu wanda ya roƙe shi ya taɓa sifirin nan, son a yabe shi ne kawai.

Ran nan Maliki ya aiko da akwatin a sauya kwalba. Na'Allah na cikin aiki da hantsi sai ga Abu ya yi sallama, da ƙunshin kaya a kafaɗa. Na'Allah ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Baba, ni na jawo maka wanga abu," in ji shi. "Yanzu za ni tsinke wayar, in ce ma Maliki ya lalace."

"A'a, ɗana, bar mashi," in ji Abu. "Muryatai ta tsufa, tawa ma haka. Wanga ka rufa mashi asiri gaban mutane. Garin Gatawa za ni, wurin ɗiyata Mairama. So nikai in ji akwatin kusa kafin in wuce."

Na'Allah ya kunna, suka jira kwalaben suka yi ja. Abu ya riƙe makirfo a ɗarare, ya gyara murya, ya rera amshin da ya saba yi. Da ya tsaya, muryarsa ta ci gaba da kewaya rumfar, tana raguwa a hankali. Tsohon ya karkata kai yana saurare har ta ɓace.

Ya ajiye makirfon, ya ɗauki ƙunshinsa.

"Ashe haka Maliki ka ji," in ji shi. "Tun da nike, ba a taɓa amsa mani ba sai yau."