Ƙugun Wandon Tela

Tun ranar da aka kwantar da mijinta a asibiti, matar tela ba ta yarda da ɗalibar likitan nan ba. Manyan likitoci a tsaye suke zuwa, su yi tambaya, ita ta amsa, su wuce. Ai ita ta san ciwonsa: gyambon ciki ne, magana ta ƙare. Shi kuwa tela, ko tari aka ce ya yi sai ya dubi matarsa tukuna.

Amma wannan yarinya mai farar rigar da ta yi mata yawa, kujera take jawowa ta zauna dab da gado kamar ta zo gaisuwa. In matar ta amsa tambaya, sai ta ce, "Na gode, Mama," ta juya ta sake yi wa tela ita. Abin ya tsaya wa matar a rai. Koyon aiki ake yi a jikin mijinta, ko wani abu ake nema a bakinsa?

Da rana tsaka yarinyar ta ja labule. "Mama, don Allah ki ɗan ba mu wuri."

"Wuri? Ni? Kafin a haife ki nake auren mutumin nan."

"Haka aka koya mana, Mama. Ba zan daɗe ba."

Ta suri jakar kayansa ta fita tana huci. A bakin ƙofa ta tuɓe silifas, ta dawo a hankali ta laɓe bayan labulen.

Yarinyar ta yi tambaya ɗaya ta ja bakinta ta tsuke, har matar ta ce a ranta karatun ne ya ƙare mata. Can sai muryar tela, ƙasa-ƙasa.

"Abinci ba ya wucewa, 'yata. Ya daɗe. A nan ƙirji yake tsayawa. In ta zubo mini, sai in ce a shago zan ci."

"Ka rame ke nan, Baba?"

"Sosai. Ni nake rage ƙugun wandunana da kaina, don kada ta gane. Irin wannan ciwon ne ya ɗauki mahaifinta, ita ta yi jinyarsa. Kada ki gaya mata."

"Babban likita dai yau zan sanar da shi, wannan ba na jira ba ne. Mama kuwa kai za ka gaya mata. In kana so, zan zauna da ku."

Matar ta buɗe jakar. Ta zaro wandonsa daga ciki, wanda ita ta goge da hannunta, ta juya ƙugun. Ga ɗinki nan layi bayan layi, da zare kalar yadin, aikin gwani.

Tsoro ya kama ta, da kunya. Ta koma ƙofa ta sa silifas ɗinta, ta goge ido, ta taho tana jan ƙafa da ƙarfi don su ji zuwanta.