Wuƙar Babagana

Wuƙar Babagana ta shiga dantsena kamar yadda take shiga kitse. Na tsaya ina kallo, ina jiran ƙarfen ya lanƙwashe, domin abin da aka yi mini alkawari ke nan. Bai lanƙwashe ba. Sai na rarumi ƙashin cinyar saniya na fasa masa baki. Haƙoransa biyu suka faɗa cikin jinin da muke takawa, nasa da nawa da na dabba.

Mahauta ne mu a Kasuwar Shanu, kuma a kan wurin yanka ɗaya muke rigima. Ranar da ya rantse zai farke mini ciki, na tafi wurin wani tsoho a Old Maiduguri ya haɗa mini maganin tauri. Kwana arba'in ina shan baƙin jiƙo safe da yamma. In jiƙon ya sa mini ciwon kai, in bi shi da farasitamol huɗu.

A asibiti aka ɗinke ni, aka ɗebi jinina. Washegari Likita Ketura ta zo da takarda.

"Baba Madu, hannu zai warke. Hantarka ce. Akwai sinadaran da take zubarwa cikin jini idan ta ji rauni, naka sun ninka sau goma. Kana shan giya?"

Matata Kellu ta ajiye kwanon kunu a hankali. "Malam, da kai ake."

"Ban taɓa ba."

"Mun duba, ba ƙwayar cutar hanta. Shan duka yakan ɗaga su, kitse ma haka, amma ba har nan ba. Me kake sha?"

Na faɗa mata. Ita ba ta yi dariya ba, Kellu ce ta yi.

"Ka gode wa wanda ya sare ka," in ji likitar. "Da ka ƙara mako biyu, ba a wannan ɗakin za mu gan ka ba."

Shekara ashirin da shida ina juya hantar shanu, da ido nake gane wadda za a jefa wa karnuka. Tawa ce kawai ban duba ba.

Da la'asar aka kawo Babagana gadon da ke kusa da nawa, bakinsa a kumbure. Muka harari juna. Farin idonsa ya koma rawaya, kamar kitsen tsohuwar saniya.

"Tsohon Old Maiduguri?" na ce.

Ya amsa ta giɓin da na yi masa. "Kwana sittin."

Na ɗaga lafiyayyen hannun na kira likita.