Tukunyar Kashe Gobarar Hanyar Guri

Shekara ashirin da shida na yi ina aikin duba motoci, goma sha ɗaya daga ciki a Haɗeja, kuma ban taɓa karɓar ko sisin direba a hannuna ba. A da ina faɗin haka da alfahari. Yanzu ina faɗinsa ne domin a fahimci irin mutumin da ya tsaya a shingen hanyar Guri a wata Juma'a ta watan Agusta, shekarar 1988.

A cikin abubuwan da muke nema a kowace motar haya akwai tukunyar kashe gobara. Wanda ba shi da ita sai mu rubuta masa tara, mu riƙe makullin motar har ya biya a ofis ya kawo rasit. Direbobin wannan hanya talakawa ne, amma abin mamaki, duk wanda na tsayar sai ya zaro jar tukunya daga ƙarƙashin kujera. Na yi wata biyu ina kallon haka kafin na lura cewa kowacce tana da lotsawa a gindi, a wuri ɗaya.

Ashe guda ɗaya ce tal. Sun yi karo-karo sun saye ta. Mai fita daga gari zai ɗauke ta a wurin Shu'ibu mai faci, ya wuce ta gabana, ya ajiye ta a rumfar Kulu mai abinci bayan kwanar hanya. Mai shigowa ya dawo da ita. Markus, abokin aikina, ya daɗe da sani.

"Ka bar su, Malam Abdulwahid," in ji shi. "Tukunyar nan ta fi mu zuwa aiki. Ko ranar Lahadi ba ta hutawa."

Ban yi dariya ba. Na ji kamar an mayar da farin kayan aikina abin wasa. Da safiyar Juma'ar na sa ƙusa na karce mata alama a wuya, na mayar wa direban farko, na ƙudurta cewa wanda ya sake nuna mini ita shi zai ɗauki laifin kowa.

Umara ne ya zo da ita, wajen ƙarfe sha ɗaya. Dattijo ne, ɗan asalin bakin tafkin Chadi, mai tsohuwar a-kori-kura wadda ita kaɗai ke shiga ƙauyukan fadama bayan Guri. Na nuna masa karcen, na zare makulli.

"Yallaɓai, ka gano mu," ya ce yana murmushi. "To, ka riƙe amaryar, ni ka sallame ni."

"Tara za ka biya a ofis."

"Yau Juma'a. Kafin in isa akawu ya tafi masallaci, kuma ka san ba ya dawowa."

"Sai Litinin ke nan."

Murmushin ya ɗauke. Ya matso, ya rage murya, ya yi mini bayani dalla-dalla. Kogi ya fara cika, masunta sun ce ruwan bana ba na wasa ba ne. Mutanen Kafin Ari sun aiko masa, ya yi musu alkawarin zuwa yau bayan sallar Juma'a. Saboda alkawarinsa, tun jiya suka sauke hatsin da ya rage musu daga rumbuna, gero da shinkafa har da irin baɗi, suka kwashe a ka da jakuna, tafiyar sa'a biyu, zuwa mashaya inda mota ke iya kaiwa. Mashayar a kwari take. Da sun bar hatsin a rumbu, da ya fi tsira.

"Gida goma sha bakwai ne, Yallaɓai. Ga kuɗin tarar, ka kai da kanka ranar Litinin."

"Ba na taɓa kuɗin direba."

"To Markus ya riƙe."

"Ba a shingena ba."

"Ka riƙe lasisina. Ka riƙe agogona. Ka shiga mu tafi tare, ka dawo da ni a ɗaure."

Markus ya kalle ni, na kau da kai. A raina na ce kowane direba yana da labari, jiya mai naƙuda, yau ambaliya. Na rubuta takardar da rubutu mai kyau, na ba shi. Bai zage ni ba. Ya ninke ta huɗu ya sa a hula, ya nufi tasha a ƙafa neman wata motar. Babu wanda ya yarda ya kai tasa cikin wannan laka.

Ruwa ya iso mashaya da hantsin Asabar. An ce mutanen Kafin Ari sun yi ta jira, domin Umara bai taɓa saɓa musu ba. Duk wanda ya ce a mayar da buhunan tudu sai a ce masa ya saurara, kamar ƙarar mota ce. Da suka haƙura, ruwa ya kai gwiwa. Abin da suka tsamo ya tsiro a cikin buhu kafin mako.

Ranar Litinin Umara ya kawo rasit, na ba shi makulli, ya yi godiya. Babu wanda ya tuhume ni. A ƙarshen shekara ma an yaba mini. Daga baya na ji cewa rabin Kafin Ari sun watse neman abinci, wasu Nguru, wasu Kano, kuma ba su koma ba. Mutanen fadama suka daina aika wa Umara. Ba su ce ya yi ƙarya ba, sai dai sun ce ba a dogara da motar da za a iya tsarewa. Bayan shekara biyu ya sayar da ita.

Tukunyar, wadda na riƙe tun ranar, ta zauna a ɗakin ajiyarmu har na yi ritaya a 1996. Ranar da nake kwashe kayana na ɗauke ta, na zare ƙusar bakinta, na matsa. Ko huci ba ta yi ba. Wataƙila ajiya ce ta kashe ta, wataƙila tun farko babu komai a ciki. A duk shekarun nan ban taɓa gwada ko ɗaya ba; jan launinta kawai nake dubawa.

Na nemi Umara, na same shi a kasuwar kifi yana gadin rumfuna, idonsa ɗaya ya yi fari. Na gaishe shi, na ajiye ta a gabansa. Na shirya magana mai tsawo, amma abin da ya fito shi ne, "Taku ce."

Ya shafa lotsawar gindinta, ya gane ta.

"Yallaɓai, ka tsufa," ya ce. "Me zan kashe da ita? Mu ruwa ne ya cinye mu."

Na ce ya yafe mini. Ya ce shi ya yafe tun ranar, amma hatsin ba nasa ba ne, sai in nemi masu shi. Na tambaye shi inda suke. Ya fara ƙirga gidajen da yatsu, ya kai na shida, ya ce sauran bai sani ba.

Na dawo da ita gida. Tana nan bayan ƙofa.