Ɗigo Na Uku

'Yan gwanjo Baba Tsatsa suke ce masa, shi kuwa ko a jikinsa. Tun da matarsa ta rasu ba shi da abokin hira sai tsofaffin wuƙaƙe da takubba. In ya ɗauki wuƙa, sai ya auna ta a tafin hannu, ya ƙyasta ta da farce ya kasa kunne, nan take ya gaya maka ƙirar hannu ce ko ta inji. Bangon ɗakinsa ya cika da su, talatin da ɗoriya, sai ƙusa ɗaya da ya bari ba komai a kanta.

Ƙusar nan wuƙar mahaifinsa take jira. Mahaifin maƙeri ne, ɗigo uku yake bugawa dab da mariƙin duk wuƙar da ya ƙera. Da ya rasu dangi suka sayar da komai, ɗansa ko allura bai gada ba.

Ran nan a wurin 'yan gwanjo, a ƙasan wani buhun matattun kwaɗunan ƙofa, ya ci karo da wata wuƙa, tsatsa ta rufe ta ruf. Yana ɗaga ta ya ji kamar ƙirar mahaifinsa ce. Ya kai ta gida, kullum da safe ya ɗiga mata mai, ya bi ta da tsumma a hankali. Tsohon ƙarfe ba a yi masa gaggawa, dutsen washi kuwa, ko kusa! Sati uku ana haka, ɗigo biyu suka leƙo. Biyu ai kowa na iya bugawa, na ukun ne shaida.

Sai ga autarsa ta zo, ita da sai shekara-shekara ake ganinta. Ta share ɗaki, ta yi wanki, ta ga yadda tsohon yake fama da tsumma, tausayi ya kama ta. Ranar komawarta ya fita aski. Yana dawowa ta tare shi a bakin ƙofa, tana ta murmushi.

"Baba, rufe idonka. To, buɗe! Sati uku kana wahala, mai washi minti biyar ya yi."

Wuƙar tana ƙyalli kamar jiya aka ƙera ta. Ya juya ta, ya shafa gefen mariƙin da babban yatsa. Sumul. Har biyun ma sun tafi.

Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Ya buɗe baki, sai idonsa ya faɗa kan jakarta da ke jingine a ƙofa. In ya yi faɗa yau, sai baɗi ke nan za a shirya.

"Ta yi kyau, Auta. Allah ya yi miki albarka."

Ya raka ta tasha, ya dawo gidan shiru. Ya daɗe tsaye gaban ƙusar, wuƙar a hannunsa. Bai iya rataye ta a nan ba, bai kuma iya haɗa ta da sauran ba.

Washegari da safe ya ɗauko mai da tsumma kamar kullum, ya zauna, ya ɗora ta a cinya. Babu abin gogewa.