Jinin Lafiyayye

A ɗakin gwajin nan akwai ƙa'idar da ko sabon shiga ya sani: ba a sa jinin majiyyaci a na'ura shi kaɗai. Dole a jera shi da jinin lafiyayye, don a ga bambanci. To ina za a samo lafiyayye a asibiti? Sai ma'aikata su naɗe hannun riga. Shekara da shekaru Anti ce ke bayarwa, babbar ma'aikaciyar ɗakin, mace mai faɗan tsiya da hannu mai sanyi. Amma a watan jiya an yi mata aiki an ƙara mata jini, nata ba zai yi ba tukuna. Ranar da za a fara sabon gwajin ciwon daji na gado, sai ga 'yarta tilo, mai shekara goma sha tara, ta biyo daga jami'a ta kawo mata makullin gida.

"Zo nan, ke da ko mura ba kya yi," in ji Anti.

Ta ɗebi rabin kwalba, ta rubuta "lafiyayye" a jiki, ta sa a firji. Ba ta gaya wa kowa ba, don ba ta ga abin faɗa ba.

Yau kwana tara ke nan, kwalbar ta ƙi fitowa lafiyayya.

Karo na farko Oga, likitan da ke shugabantar ɗakin, ya ɗora wa sinadari laifi, aka buɗe sabon kwali. Karo na biyu ya ce wani ne ya taɓa kwalba da safar hannu mai datti, ya yi ta bambami har masu shara suka leƙo. Anti ta wanke tebur da kanta, ta sake komai da hannunta. A rayuwarta ba ta taɓa roƙon Allah ya sa a kama ta da sakaci ba sai wannan makon. Sakamako na uku ya fito da hantsi: harafi ɗaya a rubutun gadon jinin ya kauce, a daidai inda ya kauce a na farko da na biyu.

Oga ya kira ta ofis, ya rufe ƙofa. Mutumin da ba ya ce wa kowa zauna, yau har da jawo mata kujera.

"Anti, ba na'ura ba ce."

Ya juya bayan takarda ya fara zane, don likita ko uwarsa zai gaya wa labari sai ya yi mata darasi. Ta san karatun nan sarai, amma ta bar shi, domin muddin yana magana ba sai ta yi tata ba.

"Kowace ƙwayar jiki tana da masu gadi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In rubutun gado ya sami matsala, su ke tsayar da ƙwayar kada ta rabu biyu sai an gyara. In gyara ya gagara, su sa ta kashe kanta. Mai wannan jinin an haife shi da mai gadi ɗaya lalatacce. Kuma furotin, sinadarin da suke ƙerawa, huɗu-huɗu yake aiki, in lalatacce ya shiga cikin huɗun, sai ya ja sauran ƙasa. Saura ɗayan kawai. Ranar da shi ma ya faɗi, a ƙwaya guda tak, ko a ƙashi, ko a nono, ko a ƙwaƙwalwa, shi ke nan. Ta rabu biyu ɗauke da kuskurenta, 'ya'yanta su ƙara nasu, ba mai cewa tsaya."

Ya ajiye biro. A zatonsa jininta ne, kamar kullum. "A danginki akwai wanda ciwon ya ɗauka da ƙuruciya?"

"Nawa duk tsufa ne ya kashe su."

Gaskiya ta faɗa, amma ba danginta kaɗai ne a cikin jinin nan ba. Mijinta ya rasu yana da shekara talatin da takwas, ƙari a ƙwaƙwalwa. Yayarsa ba ta kai talatin da biyu ba. Ƙaninsu kuwa, ƙafa aka fara yanke masa tun yana sakandare. Mutane suka ce baki aka yi wa gidan, ita kuma mai ilimi ta yi ta yi musu tsawa, tana cewa ƙaddara ce kawai ta zo a jere. Shekara ashirin tana leƙa jinin mutane, ba ta taɓa haɗa ukun nan wuri ɗaya ba. Tsoro ne ya hana ta, ta sani yanzu.

"Oga, ba jinina ba ne. Na 'yata ne."

Ta jira ya tashi da faɗa, ya kawo zancen takardar amincewa da dokar aiki. Bai yi ba.

"A sake ɗiban sabo," ya ce a hankali. "Da sunanta a jiki. Kuma ki gaya mata na mene ne kafin ki soka."

Anti ta buga mata waya. Yarinyar ta iso bayan azahar, jaka a kafaɗa, baki bai huta ba tun daga ƙofa: malaminsu ya ɗaga jarrabawa, ƙawarta ta ari takalminta ta ƙi dawo da shi. Anti ta zaunar da ita, ta jera auduga da allura da robar ɗauri, ta sake jera su. Ta shirya jimloli uku a zuciyarta, duk suka gudu.

"Mama, kun mai da ni rijiya ke nan? Wancan ya ƙare?"

"Akwai maganar da zan yi miki tukuna."

"To ki yi kina ɗiba, ina da lacca ƙarfe huɗu."

Anti ta kama hannunta na dama za ta ɗaure. Yarinyar ta janye da sauri, ta ɗan cije leɓe, sannan ta miƙo na hagu tana dariya.

"Yi a wannan. Waccan kafaɗar ta kumbura, ta kai wata biyu tana damuna. Jaka ce, na sani. Ban gaya miki ba ne don na san halinki, yanzu sai ki tayar da hankalinki a banza."