Kwano na Huɗu

Baraka ce mace ta talatin da bakwai da Munawwara ta yi wa tambayoyi a makon nan, kuma gaskiya ta gaji. Ta gaji da hanyar Kwanyawa, ta gaji da jin "lafiya lau" daga bakin mutanen da kana ganin idonsu ka san ba lafiya ba. Jami'a ce ta turo ta binciken lafiyar waɗanda 'yan bindiga suka koro daga Zamfara suka zauna a ƙasar Karaye. Duk wanda takardarsa ta nuna ciwon damuwa za a sa sunansa cikin masu ganin likita ranar Alhamis, wanda ba ta nuna ba kuma shi ke nan. Yau da la'asar za a rufe sunayen.

Maƙwabta sun riga sun gaya mata Baraka ba ta barci, abinci ma sai an matsa mata. To amma takarda ba ta san maƙwabta ba, abin da mai amsa ya faɗa da bakinsa shi take ɗauka.

Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, aka shimfiɗa tabarma a inuwar bukka.

"Inna, kina samun barci?"

"Alhamdulillahi."

"Gabanki yana yawan faɗuwa?"

"Sai godiya, Malama."

"'Ya'ya nawa gare ki?"

Baraka ta lissafo Sulle, Sadiƙa da Khadija. Munawwara ta tambaya ko an rasa wani a harin, ta ce cikin waɗannan babu. Aka haɗa maki, bai kai ko rabin abin da ake nema ba. Masanan da suka tsara tambayoyin nan sun yi karatu mai zurfi, sai dai da alama ba su taɓa zama da Bafulatana a kan tabarma ba. Munawwara ta ji haushinsu, ta ji haushin Baraka, sannan ta ji haushin kanta. Ta fara tura takardar cikin jaka, direban da ya kawo ta yana ta danna ham daga bakin hanya.

A nan ne idonta ya kai kan murhu. Baraka ta rarraba ɗanwaken rana tun kafin zuwanta, ga kwanuka huɗu a jere, nata kuwa a tukunya ta bar shi. Uku yara sun cinye, na huɗun yana rufe da faifai.

"Inna, wancan kwanon fa, na baƙo ne?"

Baraka ta kawar da kai. "Na wancan ne."

Sai Munawwara ta gane. Ita ma 'yar fari ce. Shekararta ashirin da tara, ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta ba, "waccan" take ce mata, kuma in aka tambaye ta 'ya'yanta daga na biyu take farawa. Kunyar ɗan fari ke nan. A gidansu ta tashi da abin, amma ta zo nan da biro ta manta.

Ta zaro takardar. "Yana ina, Inna?"

Baraka ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Yana gaba da shanu ranar, ni ina bayan gari da ƙwarya. Ni na fara hango baburan 'yan bindigar ta bayansa. Na buɗe baki na ce, kai! Kai yaro! Yara sun fi goma a filin nan, Malama. Bai san da shi nake ba."

Direba ya sake danna ham. Munawwara ta soke amsoshin farko gaba ɗaya, ta koma tambaya ta ɗaya, wannan karon a hankali, har makin ya wuce inda ake so. Ta rubuta Baraka cikin masu ganin likita. Saura gurbi ɗaya a ƙasan takardar, na sunan wanda aka rasa. Ta rufe biro, don ba za ta iya tambayar uwa wannan ba.

"Me ya rage?" in ji Baraka.

"Suna ne kawai, Inna. A bar shi."

Baraka ta dubi kwanon. "Hammawa," ta faɗa ƙasa-ƙasa, kamar mai ɗanɗana magani.

Munawwara ta sunkuya za ta rubuta. Sai Baraka ta miƙe tsaye, ta juya wajen fili, ta ɗaga murya yadda ake kiran wanda ya yi nisa da shanu.

"Hammawa!"