Rijiyar Altine

Alhaji Sodangi ne ya kashe rijiyar Altine, kuma har yau bai zo ya ga abin da ya yi ba.

Shekara talatin ke nan da wasu Turawa suka sauka Horo Birni da na'urar ɗaukar fim. Labarin kisan kai suke shiryawa, baƙi da fari, duk inuwa da raɓe-raɓe. Sodangi tafintansu shi ya fito a wanda aka kashe. Suka cusa ƙaiƙayi a buhu, suka sa wa buhun rigarsa, suka jefa a rijiyar da Mode, mijin Altine, ya haƙa a ƙofar gida. Tana tsaye aka fiddo buhun. Amma fitowar ba ta cikin fim.

Da majigi ya kawo fim ɗin, gari duka ya ga mutum ya faɗa, bai ga ya fito ba. Sodangi kuwa ya riga ya bi Turawan Kaduna. Tun daga ranar babu gugan da ya sake shiga rijiyar sai na Altine.

Da can nan mata ke taruwa, ana layin tuluna, ana gulma, ana kitso a gindin darbejiya. Mode ya rasu. Altine kullum sai ta share wurin tulunan, ta ja ruwanta ita kaɗai. Bana damina ba ta yi ba, rijiyoyi sun ƙafe, mata na wuce ta da tulu su nufi hanyar Kajiji neman ruwa, ko kallon ruwan ba sa yi. 'Yan siyasa kuma sun gano fim ɗin yana tara jama'a, sai su haska shi kafin jawabi. Yaran da aka haifa jiya ma sun san rijiyar gawa.

Da ta ji Sodangi ya dawo, yana dillancin albasa a Bodinga, sai ta cika gora da ruwan rijiyar ta hau mota. Ta same shi a rumfa, ya yi tumbi.

"Sodangi, ashe ka hito?"

"Daga ina, Inna?"

"Daga rijiyar Mode. Shekara talatin kana ciki."

Ya tuno, ya fashe da dariya. "Haba Inna Altine, wasa ne fa! Turawan nan har lambar yabo sunka samu ƙasarsu."

"Su lamba. Ni mi nis samu? Ko mai yi min sallama babu."

Ya miƙa hannu ga gorar. "Kawo in sha, shi ke nan."

Ta janye ta. "Nan wa ka ganin ka, albasa? Ran Juma'a, in an sauko masallaci, ka taho Horo Birni. Ka ja da hannunka, ka sha gaban matan gari, ka hwaɗa musu abin da kunka jefa. Kai ka shiga rijiyag ga gaban kowa. Ka zo ka hito gaban kowa."